Baitoci Huɗun Da Ban Karanta Ba

Shekara talatin da huɗu muka yi da maigidana ban taɓa kiran sunansa ba. Malam nake ce masa, in kuma raina ya ɓaci in ce "kai" in tsaya a nan. Haka na tarar da uwata tana yi, kuma bokon da na yi har na koyar da Turanci a sakandaren 'yan mata bai canza ni a wannan ba. Na sha rubuta sunan a takardun makarantar yara da katin asibiti, amma in fuskance shi in kira shi da shi, bakina bai taɓa iyawa ba. Sau ɗaya tak na yi, a rubuce, a kan wata wasiƙa da har yau nake jin nauyinta.

Bayan na yi ritaya gidan ya yi mini yawa. Muna zaune a unguwar Gidan Igwai a Sakkwato, bayan layin masu shaguna, inda tun da hantsi ba ka jin komai sai hon ɗin keke napep da cinikin masu abinci. Amma da ka tura ƙofarmu ka shigo sai shiru. Yaranmu uku duk sun watse, babbar tana aure a Kaduna, mai bi mata yana aiki a Legas, autan yana karatu a Zariya. Sukan kira ranar Juma'a, su tambayi lafiya, su ce a gaida Baba, su ajiye. In share tsakar gidan da ba wanda ya ɓata, in dafa abincin mutum biyu a tukunyar mutum bakwai, in zauna.

Shi Malam bai san wannan zaman ba a lokacin. Malamin gona ne, ya riga ni ajiye aiki da shekara biyar, kuma ya tsara ranarsa tsaf. Da safe yana gonarsa a Dundaye, da la'asar yana majalisarsu a Ƙofar Dundaye, gindin wani dogonyaro a ƙofar gidan da aka haife shi. A can yake karanta wa abokansa waƙoƙinsa, domin mawaƙi ne, irin na rubutu. Ba ya yin waƙar da ta gaza baiti sittin. Ya yi a kan taki, ya yi a kan tsutsar gero, ya yi a kan haƙuri da maƙwabci, kowacce da amsa-amonta daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe. Kowacce yakan buɗe ta da sunan Allah da salati, ya rufe ta da baitin da zai faɗi sunansa da na mahaifinsa da unguwarsu, yadda marubutan waƙa na ƙasarmu suka saba.

Ni kuma waya ce ta zama majalisata. 'Yata ta saya mini babba, ta ce in riƙa kallon girke-girke, ni da na fi masu girkin iya girki. Wata rana ina ta lalube na faɗa shafin wata mujallar waƙoƙi da ake bugawa a intanet da Turanci. Ba sa buga komai sai waƙoƙi masu salon da aka aro daga Japan. Akwai haiku, layi uku kawai, abu ɗaya da ido ya gani a wani lokaci na shekara, ba wa'azi, ba bayani. Akwai tanka mai layi biyar, akwai haibun da ake haɗa ɗan labari da haiku a ƙarshensa. Na yi shekara talatin ina ce wa ɗalibai su faɗaɗa, su kawo misali, su kammala, sai ga mutanen da duk aikinsu ragewa ne. Na karanta har waya ta mutu, na sa caji na tsaya a kanta ina ci gaba.

Sau biyu na tura nawa aka mayar mini. A karo na uku suka ɗauki ɗaya. Da Turanci na rubuta shi, amma in na juya shi ga abin da ya ce:

ruwan farko
na fito da bokitai
har da wanda ya huje

Ranar da ya fito ban iya cin abincin rana ba don murna. Na jira Malam ya dawo daga gona, ya yi wanka, ya zauna, sannan na miƙa masa wayar da hannu biyu. Ya sa tabarau, ya karanta, ya ja shafin sama da yatsa yana neman ci gaba.

"Ina saura?" ya ce.

Na ce, "Ita ke nan, Malam. Haka aka yinta."

"Wagga ita ta waƙar? Ko bisimilla ba a ƙare ba kin ce an kai ƙarshe." Ya miƙo mini wayar yana dariya. "Kuma bokitin nan na hwaɗa miki ki ba masu gwangwan tun bara."

Da a nan ya tsaya da na shanye. Amma da Sallah ta zo gida ya cika da baƙi, sai ya mai da abin labarin ba da dariya. Ya ce wa ƙannensa matarsa ta zama mawaƙiyar Japan, kafin ka zauna an gama, wai ko tari ka yi ka rasa rabin waƙar. Aka yi ta dariya, ni ma na yi, ina zuba musu miya. Daga ranar ya laƙaba mini Edita, tun kafin in zama komai. Ni mutum ce mai riƙo, ban ɓoye ba. Ban sake nuna masa ko layi ɗaya ba.

Bayan kamar shekara babbar editar mujallar ta rubuto mini. Tsohuwar ma'aikaciyar ɗakin karatu ce a wata ƙasa mai sanyi, ban taɓa jin muryarta ba. Ta ce mujallar ba ta da ofis, ba ta da albashi, mutum shida ne suke riƙe da ita don sha'awa, kowa daga ɗakinsa a ƙasarsa, kuma ɗayansu ya gaji zai sauka. Ko zan karɓi aikinsa? Ban ko yi shawara da Malam ba na ce na karɓa.

Aikin tsaron ƙofa ne. Sau huɗu a shekara ake buɗe karɓar waƙoƙi, wata guda kowane karo. Duk abin da aka turo a hannuna yake fara sauka. In duba ko bai wuce waƙa biyar ba, in duba ko babu sunan mai shi a cikin takardar waƙoƙin, in sa masa lamba, in tura wa masu zaɓe huɗu da ba su san na wane ne ba. Ni kaɗai nake sanin sunaye, shi ya sa ba ni da ƙuri'a, ba a ma so in karanta. Wanda ya saɓa, ko ya wuce biyar ko ya bar sunansa a ciki, a mayar masa ba a karanta ba, da wata wasiƙa da aka riga aka tsara, sai ya jira wani buɗin. Ba a yarda in taɓa rubutun kowa ba, ko da goge suna ne.

Wallahi na so dokar nan kamar ni na kafa ta. Na yi aiki a inda takarda ba ta motsi sai an san 'yar wane ce ke, na ga waɗanda na koya wa riƙon alli sun zama shugabannina saboda an yi waya dominsu. Sai ga wuri ɗaya a duniya da farfesa da mai gadi za su tsaya layi ɗaya, kowa da lambarsa. Na tsare ƙofar nan da gaske. Na taɓa mayar wa wani da ya ci kyaututtuka a fagen saboda ya bar sunansa a ƙasan shafi, ya rubuto doguwar wasiƙa yana tambaya ko na san ko shi wane ne. Na amsa masa cewa na sani, ai matsalar ke nan.

Bayan azahar nake zama a baranda da wayata da mafici. Idona ya saba, ya duba saman shafi, ya faɗa ƙasa, ya ƙirga, ba ya tsayawa a tsakiya. Amma ba a rasa kalmar da za ta maƙale, ƙanƙara a kan rufi, ganye ja yana zuba, tsuntsayen da ban taɓa ji ba. Na san sunayen ɗaruruwan mutane, na san wanda matarsa ta rasu da wadda ta koma sabon gari, su kuma ba wanda ya san ko fuskata. In an fitar da sabuwar mujalla sai mu shida mu tura wa juna barka, layi ɗaya ɗaya, kowa ya koma harkarsa. A duk Sakkwato ban san mutum ɗaya da zan ce masa ka ga wannan haiku ba. Na gwada wa wata tsohuwar abokiyar aikina, ta saurara da ladabi, sannan ta tambaye ni ko ana biya da dala. Kaɗaici ne sosai, amma nawa ne, kuma na riƙe shi da alfahari.

A shekarun nan majalisar Malam ta fara zubewa, ban lura da wuri ba. Babban amininsa ya rasu. Wani 'ya'yansa suka ɗauke shi zuwa Abuja. Na ukun kunnensa ya toshe, sai ka karanta masa baiti goma ya ce a gaida gida. Malam ya fara dawowa tun rana ba ta yi sanyi ba, daga baya ya daina fita sai jefi-jefi. Yakan shimfiɗa tabarma a ɗaya gefen barandar, ya buɗe littafinsa, ya yi gyaran murya. Na san ma'anar gyaran muryar nan, shekara talatin ina jin ta. Wata rana har ya fara, ya yi baitin buɗewa, na ce masa ba tare da na ɗago ba, "Ina zuwa, Malam, saura mutum goma." Da na gama goman na ɗago, ya rufe littafin ya sa a ƙarƙashin matashi yana kallon bango. Ban ce ya ci gaba ba, shi ma bai sake farawa ba.

Sai kuma ya fara yi mini tambayoyi. "Edita, wai guda nawa aka turawa?" Na ce biyar. "Ina aka turawa?" Na ce adireshin yana shafin. Wata rana ya ce wai da gaske ne gaɓoɓi ake ƙirgawa, biyar, bakwai, biyar? Na ce da can ne, yanzu da Turanci ba dole ba ne. Ya ce, "To mi ar riƙe waƙar in ba a ƙirga komi?" Na ba shi amsa a gajarce ina danna waya. A zatona kayan ba'a yake tarawa don Sallah mai zuwa.

Ranar wata Talata ce a tsakiyar bazara, irin zafin da ko ƙadangare ba ya fitowa. Babu wuta tun safe. Malam ya dawo daga masallaci ya shiga ɗakinsa ya kwanta, ni ina baranda, bango ɗaya ne tsakaninmu. Na buɗe saƙo na gaba sai na ga sunansa a wurin mai aikowa. Na ɗauka kuskure ne, ko ya tura mini wani abu ya faɗa akwatin saƙon mujalla. Na buɗe takardar.

Idona ya yi abin da ya saba. A sama layi uku ne da Turancinsa na ofis, mai tsabta, yana farawa da sunan Allah yana neman taimakonsa. Na faɗa ƙasa. Layin farko ya ce in an tambayi wanda ya yi waƙar, na biyu sunansa ne da na mahaifinsa, na uku yana roƙon mai karatu ya sa shi a addu'a. Na ƙirga, baiti shida ne. Na buɗewa, na rufewa, da huɗu a tsakani. Ya ɗauki waƙarsu ta layi uku ya yi mata riga da hula irin namu.

Jinina ya hau. Na ce wato ba'ar tasa ta bar tsakar gida ta biyo ni har nan, wuri ɗaya da nake da shi wanda ba nasa ba. Na ji kunya kuma, na tuna babbar edita da sauran, na ce me za su ce in suka ga mijin mai tsaron ƙofa ya karya doka biyu a shafi ɗaya. Ya zo mini a rai in tura mata in ce wannan na gida ne, ta yanke hukunci da kanta. Ya zo mini in tashi in taka taku biyar in ce masa Malam, ga yadda ake yi, gyara ka sake turowa. Duk na san su a lokacin, ba daga baya na tuna ba. Amma huɗun tsakiyar suna nan a gabana, na ɗauke ido daga kansu da gangan, na ce doka doka ce.

Na buɗe tsararriyar wasiƙar. Tana godiya, tana ba da haƙuri, tana cewa an mayar ba a karanta ba saboda kaza da kaza, ana fatan ganin aikinsa a buɗi na gaba. A samanta akwai gurbin da ake sa sunan wanda ake rubuta wa. Na tsaya a gurbin nan ya fi minti biyar, gumi yana bin bayana. Sannan na rubuta sunan da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi, ba Malam, ba Alhaji, sunan yanka tsirara yadda ake yi wa kowa. Na tura. Ta cikin bango na ji wayarsa ta yi ƙara a kan tebur. Na jefa saƙonsa kwandon shara na akwatin, yadda nake yi wa duk wanda aka mayar, na buɗe na gaba.

Washegari da safe na kawo masa kunu da ƙosai, ya sha rabi, ya ajiye ludayi.

"Na ga takardar da kunka aiko min," ya ce.

Na ce, "Doka ta, Malam. Ba ni niy yi ta ba."

"Ban ce ke kinka yi ta ba." Ya ɗan yi murmushi, ba irin na ba'a ba. "Ashe kin san sunana."

Na rasa inda zan sa idona, na hau gyara murfin kwano da ba abin da ya same shi.

"Kin karanta?"

"In da suna ba a karantawa."

Ya gyaɗa kai. Ya ce ya ga dokar a shafin, amma ya ɗauka sunan da ake sawa a saman takarda ake nufi, irin na cike fom. Na cikin baiti ai waƙa ne, ya ƙirga shi ma, gaɓa bakwai cif ya fito. Sannan ya ce, "Mu abin da yas sa muka sa suna, ba don a yaba muna na ba. Don wanda yak karanta shi san wa zai yi ma addu'a." Ya ɗauki hularsa ya tafi gona.

Da ina da hankali da a ranar na shiga kwandon sharar na ciro saƙon, yana nan kwance, dannawa biyu ne. Amma girman kai ya ce mini in na karanta na karya amanar aikina, wata zuciyar kuma ta ce bari shi ma ya ɗanɗana a miƙa masa abu a mayar. Na bar shi mako ɗaya, biyu, ina cewa gobe. Muka ci gaba da zama a baranda, shi a tabarmarsa ni a kujerata, ya daina ce mini Edita, ya koma Malama. Ban taɓa zaton zan yi kewar sunan tsokana ba sai da aka daina kira na da shi.

Ranar da aka yi ruwan farko na shekarar na fito da bokitai, na gan shi ya ɗauko hujajjen nan daga bayan ɗaki, wanda har lokacin ban bayar ba, ya jera shi da sauran. Zuciyata ta karye. Na shiga ɗaki na buɗe kwandon sharar. Babu komai. Akwatin yana share kansa bayan wata guda, ni da kaina na sani, na yi latti da kwanaki.

Na same shi yana tsaye bakin ƙofa yana kallon ruwa. Na ce, "Malam, waƙoƙin ga da kat tura, suna cikin wayarka?"

"Na share."

"Don mi?"

"Abin da anka maido, mi za a yi da shi?"

Na ce to ya faɗa mini da ka, ai mutumin da ke riƙe baiti tamanin a kansa ba zai manta layi goma sha biyu ba. Ya ce da Turanci ya yi su, Turanci kuma ba ya zama masa a ka. Ban yarda ba, har yau ban yarda ba. Na ce ko abin da suka ƙunsa ya gaya mini. Ya ci gaba da kallon ruwa yana zuba daga indararo cikin hujajjen bokitin yana fita ta ƙasa.

"Guda kan shuka ta. Guda kan wurin zaman abokina a majalisa, da ba wanda ka zama nan yanzu." Ya gyara tsayuwa. "Biyu naki na."

Na jira ya ƙara, bai ƙara ba. Ya ce bari ya duba ko ruwa bai shiga ɗakin hatsi ba.

Na rubuta wa babbar edita na gaya mata komai, har da abin da ba ta tambaya ba. Ta amsa da kirki. Ta ce ba ta taɓa sanin akwai inda mawaƙi ke saka sunansa a cikin waƙa don a roƙa masa rahama ba, ta ce ya sake turowa yadda yake so, ita da kanta za ta karanta ko da ba za a buga ba. Har ta kawo maganar gaban sauran, ko a sassauta dokar. Muka tattauna kwana uku, aka bar ta yadda take, kuma ni ma da bakina na ce a bar ta. Har gobe ina ganin dokar daidai ce. Ba ita ta hana ni taka taku biyar zuwa ɗakin mijina ba.

Da aka sake buɗe karɓa na gaya masa. Na ce ya rubuta wasu ko ya tuno waɗancan, ya cire na farko da na ƙarshe, ni zan nuna masa yadda ake yi. Ya ce, "In na cire suna, wa za a ce ya yi?" Na ce lamba za a sa. Ya yi dariya sosai, irin wadda na daɗe ban ji ba, ya ce shi ba buhun taki ba ne. Na ce to ya karanta mini doguwar nan da ya fara ran nan na katse shi. Wannan kam ya yarda. Na kife wayar a cinyata ya karanta mini baiti saba'in a kan rijiyar gonarsa, na saurara har sunansa a ƙarshe. Daga ranar kusan kullum yakan karanta mini wani abu bayan la'asar. Sau biyu na sake zagayowa kan huɗun nan, sau biyun ya canza magana, na bari ina cewa akwai lokaci.

Bayan an gama girbi ya faɗi a gona, hawan jini. Kwana shida ya yi a asibiti, bakinsa bai sake buɗewa da magana ba, ya rasu da hantsin ranar Litinin. Gida ya cika, yara suka zo, aka yi kwana bakwai, kowa ya koma inda ya fito. Babbar edita ta ce in huta, wani zai riƙe ƙofar. Na roƙe ta ta bar mini, domin wata huɗu da kwana goma na takaba a gidan nan, in ba aikin, ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

A cikin takabar na bi littattafansa ɗaya bayan ɗaya, shafi shafi, ina neman layin Turanci ko ɗaya. Na zazzage aljihunan rigunansa, na sa autanmu ya buɗe mini wayar Malam kafin ya koma makaranta, ba komai. Abin da na samu kawai wata takardar bayanin irin gero ce, a ninke cikin littafinsa na ƙarshe. A bayanta ya ja 'yan sanduna da biro, biyar, bakwai, biyar, ya bar fili, ya sake, har sau shida. Wasu ya soke ya sake ja. Babu kalma ko ɗaya, ƙirgan ne kawai. Na san na farko, na san na ƙarshe. Nakan sa yatsa a kan na huɗu da na biyar, ko da yake ban ma san ko su ne nawa ba.

Har yanzu ni ce a bakin ƙofar. In wani ya bar sunansa a ciki ina mayar masa, da wasiƙar nan dai, amma sai na karanta daga sama har ƙasa tukuna, ban gaya wa kowa a mujallar ba. A bara wani ya turo daga wata jiha ta arewa, ya buɗe da godiya ga Allah ya rufe da sunansa. Na mayar masa, na ƙara layi biyu nawa a ƙasan wasiƙar na nuna masa yadda zai gyara, ya sake turowa aka ɗauki ɗaya.

Baitin Malam na ƙarshe kuwa kallo ɗaya na yi masa cikin fushi, amma ya zauna mini daram, layi ukun duka. Abin da layi na uku ya roƙa shi kaɗai ya rage da zan iya yi masa. Bayan kowace salla nakan ɗaga hannu in yi, kuma tunda ya ce don a san wa za a yi wa ne ya sa sunan, ba na cewa Malam. Ina faɗin sunan yadda ya rubuta shi, nasa da na mahaifinsa, a fili. Ranar da na fara, sai da na waiga in ga ko wani ya ji ni. Ba kowa a gidan.